Darasin Kasuwanci: Manhajar Koya wa Jama'a Raba Shara, da Abin da Mai Jari Zai Duba Kafin Ya Sa Kuɗinsa

A 'yan shekarun nan ba abin mamaki ba ne ɗan kasuwa a Legas ko Abuja ya sami baƙuncin wani saurayi mai ilmin na'ura mai ƙwaƙwalwa, ɗauke da shawarar a zuba jari a gina manhaja ta intanet wadda za ta riƙa gaya wa magidanci ko mai kanti yadda zai yi da kowane irin tarkace da ya fito daga gidansa ko shagonsa, watau wanda za a ware domin a sake sarrafa shi, da wanda za a zubar, da kuma wanda doka ta hana a haɗa shi da sauran shara. Shawarar tana da daɗin ji, kuma ba ta rasa amfani ba. Amma a darasinmu na wannan mako za mu nuna cewa rubuta ita manhajar shi ne mafi sauƙi kuma mafi arha a cikin aikin. Abin da ke cin kuɗi, wanda kuma shi ke raya kamfanin ko ya kashe shi, shi ne sanin ƙa'idar kowane gari, da sabunta ta duk lokacin da ta sauya, da sanin wanda zai zo ya ɗauki kayan bayan an ware su.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ake nufi. Manhajar intanet shafi ne da ake buɗewa a wayar hannu ko a kwamfuta ba tare da an sauke komai an ajiye a cikin wayar ba. Wannan kuwa ba ƙaramar fa'ida ba ce a ƙasar da wayoyin jama'a da yawa ba su da wadataccen ma'aji, kuɗin data kuma yana da tsada. Irin wannan manhaja tambaya biyu kawai take yi wa mutum: mene ne a hannunka, kuma ina kake zaune? Daga nan sai ta duba rumbun bayananta ta ba shi amsa. Fuskar da mutum ke gani a waya, ƙwararre ɗaya ko biyu za su iya gina ta cikin 'yan makonni. Rumbun bayanan da ke bayanta kuwa, shi ne ainihin hajar kamfanin.

Abin da ya faru a Shanghai

Misali mafi kyau da za a bayar shi ne na birnin Shanghai na ƙasar Sin. A ranar 1 ga watan Yuli na 2019 wata doka ta fara aiki a birnin, wadda ta tilasta wa kowane gida ya raba shararsa gida huɗu: wadda za a sake sarrafawa, da mai haɗari irin su batura da magungunan da suka lalace, da jiƙaƙƙiya, watau ragowar abinci, da kuma busasshiya, watau duk abin da ya rage. Wanda ya cakuɗa su ya ƙi gyarawa ana iya cin sa tarar da ta kai yuan 200. A takarda abin a fili yake. Da aka zo aiki sai jama'a suka rikice, domin kuwa ƙashin kaza yana shiga cikin jiƙaƙƙiyar shara, alhali babban ƙashi da ɓawon kwakwa suna shiga cikin busasshiya. Dalili shi ne injinan da ke niƙa ragowar abinci ba sa iya niƙa abu mai tauri haka. Watau ba jiƙa ko bushewar abu ake dubawa ba, ƙarfin injin da ke ƙarshen hanya ake dubawa.

Cikin 'yan kwanaki sai ga ƙananan manhajoji sun bayyana a cikin Alipay da WeChat, mutum ya rubuta sunan abu ko ya ɗauki hotonsa a gaya masa kwandon da zai jefa. Jama'a sun yi tururuwar amfani da su, kuma dalilin a bayyane yake: akwai doka guda rubutacciya, akwai tara, akwai masu sa ido a bakin kwandunan shara, akwai kuma motocin da ke kwashe kowane kashi dabam. Da birnin Beijing ya fara tasa dokar a watan Mayu na 2020, sai ya zo da sunaye na dabam, ya kira kashi biyun nan sharar kicin da sauran shara. Ke nan ko a cikin ƙasa ɗaya mai gwamnati mai ƙarfi a tsakiya, amsar da aka shirya wa wannan birni sai an sake duba ta kafin a kai ta wancan.

Darasin da ɗan kasuwa zai ɗauka a nan shi ne, buƙatar manhajar ba daga son tsabta ta taso ba. Ta taso ne daga tsoron tara da kuma tabbacin cewa abin da aka ware za a kwashe shi a ware. Inda babu ɗaya daga cikin biyun nan, dole a samo wani abin da zai ja hankalin jama'a, wanda a nan ƙasar ba ya wuce kuɗi.

Alamar da ke yaudarar mutane

Masu gina irin wannan manhaja sukan so su bi gajeriyar hanya, su ce ai a gindin kowace roba akwai lamba, daga 1 zuwa 7, a cikin wata alama mai kusurwa uku, saboda haka manhaja ta karanta lambar kawai ta ba da amsa. Wannan kuskure ne babba. Ƙungiyar masana'antun roba ta Amurka ce ta fito da lambobin a 1988, kuma abin da suke nunawa shi ne irin sinadarin da aka yi robar da shi. Lamba 1 ita ce ta robar ruwa da ta lemo. Lamba 2 ita ce ta jarkoki da robobin man shafawa masu kauri. Lamba 3 ta bututun ruwa ce da makamantansu, lamba 4 ta leda mai laushi, lamba 5 ta bokitai da kujeru da murafe, lamba 6 ta farar robar nan mai kama da kumfa da ake zuba abincin sayarwa a ciki, lamba 7 kuma ta duk abin da bai shiga sauran ba. Babu inda lambar ta ce akwai masana'anta a garinku da za ta saya. Roba mai lamba 1 da mai lamba 2 suna da kasuwa kusan ko'ina. Mai lamba 6 kuwa, saboda rashin nauyinta da girman wurin da take ci a mota, kuɗin dakonta ya fi darajarta, don haka da wuya a sami mai so.

Ko manyan ƙasashe sun sha wannan darasi da zafinsa. Shekara da shekaru biranen Turai da Amurka suna gaya wa jama'arsu cewa robobi iri-iri da takardu gauraye duk ana sake sarrafa su, alhali kuwa loda su ake yi a jiragen ruwa zuwa Sin. Da Sin ta hana shigo da irin wannan shara daga farkon 2018, ta kuma tsananta sharaɗin tsabtar abin da ya rage, sai farashi ya faɗi warwas, garuruwa da yawa suka rage jerin abubuwan da suke karɓa. Robar ba ta sauya ba, lambar da ke gindinta ba ta sauya ba, amma amsar da ta dace a ba magidanci ta sauya.

Wa ke da ƙa'ida a Nijeriya?

A nan ne aikin yake da wuya, kuma a nan ya kamata mai jari ya daɗe yana tambaya. Tsarin mulkin 1999 ya sa kwashe shara a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, waɗanda yawansu ya kai 774. A aikace kuwa, a manyan birane hukumomin jiha ne ke riƙe da ragamar: LAWMA a Legas, AEPB a Abuja, REMASAB a Kano. Sama da su akwai hukumar NESREA ta tarayya, wadda aka kafa a 2007, akwai kuma manufar ƙasa kan sharar roba wadda gwamnatin tarayya ta amince da ita a 2020. Mai son ya ce manhajarsa tana bin "dokar gari" sai ya fara sanin wace daga cikin waɗannan yake nufi.

Legas ita ce jihar da ta fi yin nisa, ita ce kuma ta fi nuna yadda ƙa'ida ke sauyawa da sauri. Hukumar LAWMA ta sha faɗin cewa birnin yana fitar da kimanin tan 13,000 na shara a kullum. A 2019 gwamnatin jihar ta ƙaddamar da shirin raba shara tun daga gida, inda ake ba magidanta jakunkuna masu launi dabam-dabam. A watan Janairu na 2024 ta haramta farar robar nan ta zuba abinci. Daga 1 ga Yuli na 2025 ta faɗaɗa haramcin zuwa tsinken shan lemo na roba, da cokula da kofuna na yarwa, da leda marar kauri wadda ba ta kai maikiron 40 ba, amma ta bar robar ruwa da ledar fiya-wata. Mai gidan abinci a Agege ko Idi-Araba da ya dogara da manhajar da aka cika wa bayani a 2023 ba a sake taɓa ta ba, za ta gaya masa inda zai jefa abin da doka ta riga ta hana shi ajiyewa a shagonsa. In kuwa ya tsallaka iyaka zuwa jihar Ogun, dokar Legas ba ta bi shi can ba.

Saboda haka rumbun bayanan dole ne kowane layi a cikinsa ya ɗauki abu biyar aƙalla: sunan kayan da dukan sunayen da jama'a ke kiran sa da su, da wurin da ƙa'idar ta shafa, da abin da za a yi da shi, da inda aka samo ƙa'idar, da ranar da wani ma'aikaci ya tabbatar da ita a ƙarshe. Biyun ƙarshen nan su ne masu gina manhaja ke yawan mantawa da su, alhali su ne kariyar kamfani ranar da wani zai zo da ƙorafin cewa an ɓatar da shi. A ra'ayin wannan marubuci, manhajar da ba ta nuna wa mai amfani da ita ranar da aka duba amsar ba, bai kamata a sa mata ko kwabo ba.

Batun sunaye ma ba wasa ba ne. Abin da wani ke kira gora, wani roba yake cewa, wani kuma kwalba, kuma a Legas da Hausa da Yarabanci da Turancin buroka duk za a yi tambaya. Da yawa daga masu harkar ba sa karatun boko sosai, saboda haka hoto da murya sun fi rubutu amfani. Akwai manhajojin da ke gane abu daga hoto, kuma sun inganta ƙwarai, amma hoto yana nuna siffa ne kawai. Ba ya nuna cewa kwalin nan an shafe cikinsa da leda, ko jarkar nan maganin ƙwari aka zuba a cikinta. Gara manhaja ta ƙara tambaya ɗaya da ta ba da amsar da ba daidai ba.

Ƙa'ida ta biyu, wadda ba a rubuce take ba

Bayan dokar hukuma akwai dokar kasuwa, kuma a ƙasar nan ita ce ta fi ƙarfi. Tun kafin a san wata manhaja, baban bola da 'yan gwangwan, waɗanda da yawansu a Legas da Abuja da Fatakwal 'yan arewa ne, su ne ke bi gida-gida da juji-juji suna tsince ƙarfe da alminiyom da jan ƙarfe da roba da kwali, su kai wa dillalai, dillalai su auna su biya, su tara su loda wa masana'antu. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ko ya wuce ta jujin Olusosun a Ojota ya san cewa wannan sana'a ce mai tsari, mai farashi, mai iyayen gida da bashi da amana. Abin da suka ɗauka, shi ne a zahiri ake sake sarrafawa. Abin da suka bari, ko da doka ta ce a ware shi, juji zai koma.

Dalilin zaɓensu lissafi ne. Narka tsohon gwangwanin alminiyom yana cin kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na wutar da ake buƙata a yi sabo daga ma'adini, don haka masana'anta ba ta ƙin sa. Robar ruwa kuwa sai an tara gomiya da yawa kafin a sami kilo guda, kuma farashinta yana bin farashin sabuwar roba, wadda ita ma take bin farashin ɗanyen mai. In mai ya faɗi a kasuwar duniya, tsohuwar roba ta rasa masu so. Tsabta ma kuɗi ce: kwalin da ya sha mai ko ruwa ba ya da daraja, roba mai haske ta fi mai launi tsada, buhu guda da aka gauraya da ƙazanta yana iya karya farashin lodi duka. A nan ne manhaja za ta iya yin aikin da ke da daraja ta kuɗi, domin in ta koya wa gidaje dubu su ɗauraye roba su taushe ta su ajiye kwali a inuwa, dillali zai sami kaya mai tsabta, kuma zai yarda ya biya ƙari a kansa.

Sai dai wannan hanya ma doka tana taɓa ta. A 2025 hukumar babban birnin tarayya ta hana baban bola yawo a cikin unguwannin Abuja, bisa zargin sace-sacen kayan gwamnati irin su murafen magudanar ruwa da wayoyin lantarki, ta taƙaita su ga jujin bayan gari. Ko mutum ya yarda da matakin ko bai yarda ba, ya sauya hanyar da kaya ke bi daga gida zuwa masana'anta. Kamfanin da zai yi wa masu tara kaya rajista, ya ba su katin shaida, ya riƙa rubuta abin da kowa ya kawo da inda ya samo shi, yana da hajar da hukuma da masana'anta duk za su so, kuma yana ba mai gaskiya a cikinsu abin da zai nuna in an tare shi.

Wa zai biya?

Magidanci ba zai biya kuɗi don a gaya masa inda zai jefa gwangwani ba. Wannan a ajiye shi gefe tun da wuri. Talla a shafi kuwa ba ta kawo abin kirki sai masu ziyara sun yi yawa ƙwarai, kuma mutum in ya koyi amsa sau ɗaya ba ya dawowa. Wannan wata matsala ce ta musamman ga irin wannan haja: iyakar nasararta wajen koyarwa, iyakar raguwar masu buɗe ta.

Kamfanonin da suka daɗe a fagen sun gane haka. Wecyclers, wanda Bilikiss Adebiyi-Abiola da abokan aikinta suka kafa a Legas a 2012, ya fara ne da kekunan dako masu bi unguwannin talakawa, ana auna robar da gida ya tara, a aiko masa da maki ta saƙon waya, ya tara makin ya karɓi kayan masarufi ko kuɗi. Fasahar da ke ciki ba ta da yawa. Jarin yana cikin kekuna da ma'auni da wurin tara kaya da ma'aikata. Manhajar Pakam, wadda LAWMA ta haɗa hannu da masu ita, ita ma aikinta shi ne haɗa mai shara da mai ɗauka. A duka biyun, bayani kan raba shara ƙofa ce kawai, cinikin yana wurin kayan.

Hanya ta biyu ita ce kuɗin masana'antun da ke fitar da kayan. Jamus ce ta fara wannan tsari da dokarta ta 1991, wadda ta ɗora wa mai yin kaya alhakin mazubin da ya sayar da su a ciki. Daga 2003 kuma ta sa kuɗin ajiya a kan robobi da gwangwanayen abin sha na yarwa, wanda ya tsaya a santi 25 na yuro, ana mayar wa mutum in ya dawo da mazubin, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 suna dawowa. A Nijeriya NESREA ta ɗauki wannan manufa ta ɗora alhaki a kan mai yin kaya, har kamfanonin abinci da abin sha suka kafa ƙawancen FBRA, masu kayan lantarki kuma suka kafa EPRON. Waɗannan suna buƙatar shaidar yawan abin da aka tattaro da sunansu. Manhajar da za ta iya ba da alƙaluma tabbatattu, tan nawa, daga wace unguwa, a wane wata, zuwa wace masana'anta, tana da mai saye. Hanya ta uku ita ce kwangila da hukumar shara ko da manyan rukunin gidaje da otal-otal da makarantu, waɗanda ke biyan kuɗin kwasar shara gwargwadon yawanta, kuma za su so ta ragu. Kwangilar gwamnati dai, kamar yadda 'yan kasuwa suka sani, samunta dabam, fitar kuɗinta dabam.

Ga mai son gwadawa, shawarar ita ce ya fara da ƙaramar hukuma ɗaya da kaya iri biyar ko shida da ya tabbatar akwai mai sayensu a kusa, ya zauna da dillalan wurin kafin ya zauna da mai rubuta manhaja. A kasafinsa ya ware albashin mutum ɗaya aƙalla wanda ba ya da wani aiki sai bin sanarwar hukuma da farashin dillalai yana gyara rumbun bayanai, domin wannan kashe kuɗi ne na kowane wata, ba na sau ɗaya ba. Ya tanadi hanyar saƙon waya ko WhatsApp ga waɗanda ba za su buɗe shafi ba. Kada kuma ya manta cewa da zarar ya fara karɓar sunaye da lambobin waya da adireshin gidajen mutane domin a je ɗaukar kaya, ya shiga ƙarƙashin dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta wajabta masa ya sami halattaccen dalili kafin ya tattara su, ya kuma tsare su, kuma ta tanadi tara ga wanda ya yi sakaci.

Ma'aunin da zai duba bayan wata shida ba yawan waɗanda suka buɗe shafin ba ne. Ya duba kilo nawa ya shiga ma'auni ta hanyar manhajar, kashi nawa na kayan dillali ya mayar saboda ƙazanta, da kuma gida nawa suka ware kaya suka kira ba a zo an ɗauka ba.